Kabad Ɗin Da Aka Manta Ba A Kulle Ba

Ajin da na yi lakwal a Maraɗi, tagoginsa sun fi kanmu tsawo. Benci haɗe yake da tebur, mu uku ko huɗu a kai, kowa ido na kan allo da mushe. Ban taɓa kawowa a raina cewa wani ne ya zauna ya tsara hakan ba, sai da na ci karo da labarin wani ɗaki a birnin Rum na ƙasar Italiya.

Ranar 6 ga Janairu 1907 likita Maria Montessori ta buɗe Casa dei Bambini, wato Gidan Yara, a San Lorenzo, unguwar talakawa. Abin mamakin shi ne ba kishin ilimi kaɗai ya sa aka kira ta ba. Kamfanin da ya gyara gidajen hayar unguwar, ƙarƙashin Edoardo Talamo, ya gaji da yaran da iyaye ke bari idan sun tafi aiki, suna ta ɓata bango da matakala. Aka ba ta ɗaki guda da yara wajen hamsin, waɗanda ba su isa shiga makaranta ba.

Tun da ba ta da ikon taɓa ginin, sai ta koma kan kayan ɗaki. Ta sa aka ƙera ƙananan tebura da kujeru marasa nauyi, waɗanda yaro zai ɗauka ya kai inda ya ga dama. Wurin wanke hannu ma aka yi shi daidai tsayinsu. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kabad. Da farko a kulle ake ajiye kayan koyo, malama ce ke rabawa. Wata rana ta makara, kuma ashe ta manta ba ta kulle ba. Ta tarar yara sun buɗe, kowa ya ɗauki abin da yake so. Malama ta ce sata ce. Montessori kuwa ta ga cewa yaran sun iya zaɓe. Daga nan aka sauke kayan zuwa gajerun kantoci, a buɗe.

Sai bayan rasuwarta a 1952 wani ya mayar da wannan tunani ginin bulo da siminti yadda ya gamsar da ni. Herman Hertzberger, mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Holan, shi kansa makarantar Montessori ya yi yana yaro. A makarantar da ya zana a garin Delft cikin shekarun 1960, ajin ba murabba'i ba ne, lanƙwashe yake, yana da lungu. Mai lissafi ya shige can ya sami natsuwa, masu fenti na nan suna hayaniyarsu. Malama ba ta ganin kowa a lokaci guda, kuma da gangan aka yi haka. (Na san mushenmu da bai yarda ba.)

Zauren da ya haɗa azuzuwan kamar titin unguwa yake. A ciki akwai dakalin bulo wanda ba a faɗa wa kowa amfaninsa ba: yau wurin zama, gobe dandalin wasan kwaikwayo. A sashen ƙanana kuma aka yi rami a daɓe, aka cike shi da akwatunan katako. In yara sun ciro su, sun sami kujeru, ramin kuma ya zama jirgin ruwa ko rijiya, gwargwadon wasan ranar.