Tangaran ɗin Imari na ƙasar Sin

Imari na Sin wani nau'in tangaran ne da aka riƙa ƙerawa a garin Jingdezhen na lardin Jiangxi tun daga ƙarshen ƙarni na 17, domin sayar wa Turawa. Ana gane shi da launuka uku: shuɗi, ja da ruwan zinariya. Sunan kuwa na wata tashar jiragen ruwa ce a Japan, domin daga can salon ya fito.

Kamfanin cinikin Holan na Gabashin Indiya, wanda aka kafa a 1602, shi ne babban mai sayen tangaran ɗin Sin a wancan zamani. Bai tsaya ga abin da ya tarar a kasuwa ba. Yakan sassaƙa samfurin kofunan giya da tulunan tebur da katako, ya aika wa maginan Sin su kwaikwaya. Da daular Ming ta faɗi a 1644, yaƙe-yaƙe suka tsayar da aiki, sai 'yan Holan suka koma garin Arita na Japan, inda suka yi babbar oda a 1659. Maginan Arita ne suka fito da adon ja da zinariya a kan shuɗi, Turawa kuma suka yi na'am da shi.

A 1684 Sarki Kangxi ya ɗage haramcin cinikin teku. Maginan Jingdezhen suka ɗauki adon Japan suka yi nasu da araha, har suka ƙwace kasuwar kafin tsakiyar ƙarni na 18. Wanda ya san tarihin atamfa 'yar Holan, wadda asalinta kwaikwayon rinin tsibirin Java ne, ba zai yi mamaki ba. A 1734 kamfanin ya ɗauki mai zane Cornelis Pronk na Amsterdam, aka buga zanensa na mace ƙarƙashin laima a kan faranta a Sin da Japan duka.

Bambanta biyun yana da muhimmanci ga mai saye, don farashinsu ba ɗaya ba ne. Na Sin ya fi sirantaka da haske, shuɗinsa ya fi tsabta. Na Japan ya fi kauri, shuɗinsa ya fi duhu, kuma sau da yawa akan ga ƙananan tabo a gindin farantin, wurin da aka tokare shi lokacin gashi.