Wa Za a Ƙirga? Tarihin Rajistar Ma'aikatan Jinya a Birtaniya

Idan wata ƙungiya ta rubuta a rahotonta na shekara cewa tana da masu kula da marasa lafiya 300, adadin ba ya da ma'ana sai an san su wane ne aka ƙirga. Birtaniya ta shafe fiye da ƙarni guda tana fama da wannan tambaya.

A tsakiyar ƙarni na 19, duk matar da ta zauna a gefen gadon mara lafiya tana iya kiran kanta nas. Florence Nightingale ta buɗe makarantar koyon jinya a asibitin St Thomas da ke Landan a 1860, amma babu dokar da ta bambanta ɗalibanta da wadda ba ta taɓa shiga aji ba. A 1887 Ethel Bedford Fenwick ta jagoranci kafa ƙungiyar ma'aikatan jinya, wadda babban burinta shi ne gwamnati ta buɗe rajista. Abin mamaki, Nightingale, gwanar alƙaluma, ta ƙi goyon baya. A ganinta jarrabawa ba ta auna hali, kuma takardar da aka samu jiya ba ta shaidar aikin yau.

An yi shekara 32 ana ja-in-ja. Ƙasar New Zealand ma ta riga su, da dokarta ta 1901. Sai a 1919 majalisar dokokin Birtaniya ta amince, kuma Fenwick ce ta zama lamba 1 a rajistar. Daga nan kalmar “ƙwararriya” ta samu ma'anar da za a iya ƙirgawa.

Sai dai rajista tana nuna wanda ya cancanta ne kawai, ba ta nuna wanda ke bakin aiki da ƙarfe ukun dare ba. Asibitin Stafford da ke Ingila ya fallasa wannan giɓi. Tsakanin 2005 da 2009 hukumar asibitin ta mai da hankali kan tsuke kashe kuɗi, ta rage ma'aikata. Masu bincike sun gano ana barin marasa lafiya cikin ƙazanta da ƙishirwa, har ma'aikatan teburin karɓar baƙi ke tantance waɗanda aka kawo sashen gaggawa. Rahoton lauya Robert Francis na 2013 ya zo da shawarwari 290, ciki har da yi wa mataimakan jinya rajista. Gwamnati ba ta karɓi wannan ba, amma daga 2014 aka wajabta wa asibitocin gwamnati na Ingila su riƙa bayyana adadin ma'aikatan da aka tsara wa kowane ɗaki da adadin da suka zo aiki a zahiri, nas-nas daban, mataimaka daban.

A shekarar ce mujallar Lancet ta buga binciken da Linda Aiken ta jagoranta a asibitoci 300 na ƙasashen Turai 9. Ya nuna cewa duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100.

Saboda haka duk wanda aka miƙa wa irin wannan rahoto, mai ba da tallafi ne ko ɗan kwamitin amintattu, yana da tambayoyi uku. Mutum nawa ke da lasisi mai aiki? Awa nawa suka yi a gefen gado? Marasa lafiya nawa ke hannun kowane ɗaya? Fenwick ta yi gaskiya cewa dole a ƙirga. Ita ma Nightingale ta yi gaskiya cewa suna a takarda ba ya shayar da mai ƙishirwa ruwa.