Gudummawar Kiɗa da Waƙa Wajen Gina Sunan Manyan Mutane a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Masana sun daɗe suna nazarin dangantakar makaɗin Hausa da ubangidansa. Tun a 1957 M. G. Smith ya yi bayani a kan matsayin roƙo a zamantakewar Hausawa, daga bisani kuma Ɗandatti Abdulƙadir (1975) da Sa'idu Muhammad Gusau suka faɗaɗa binciken ta fuskar rayuwar makaɗan da sigogin waƙoƙinsu. Sai dai akasarin nazarce-nazarcen sun fi karkata ga abin da makaɗi yake samu daga ubangida, wato doki da riga da hatsi da kujerar Makka. Wannan maƙala za ta dubi ɗaya ɓangaren, wato abin da ubangidan yake samu daga makaɗinsa. Za a kawo misalan mutane uku daga tsohon Lardin Sakkwato, basarake da ɗan dambe da ɗan siyasa, domin a nuna cewa waƙa tana daga cikin abubuwan da suka gina martabarsu suna raye, ita ce kuma ta riƙe sunayensu bayan sun kau.

2.0 Kiɗa a Matsayin Alamar Mulki

Alaƙar kiɗa da mulki tsohuwar aba ce a ƙasar Hausa. Littafin Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya shigo da su fada. Tambari kuwa ba a kaɗa shi sai ga sarki, shi ya sa ƙwace tamburan abokin gaba a fagen yaƙi yake daidai da ƙwace masa daraja. Shugabannin jihadin 1804 sun soki kaɗe-kaɗen da suka saɓa wa shari'a, duk da haka fadojin da suka biyo bayan jihadin sun ci gaba da riƙe masu tambari da kotso da taushi, har ana naɗa su sarauta. Dalili shi ne sarauta tana bukatar bakin da zai riƙa bayyana asalin mai ita da cancantarsa a bainar jama'a, abin da kunya ta Bahaushe take hana mutum ya faɗa da kansa.

3.0 Sarkin Gobir Amadu da Narambaɗa

Sarkin Gobir na Isa Amadu Bawa hakimi ne a ƙarƙashin Sarkin Musulmi, ɗaya daga cikin hakimai masu yawa da suka riƙe gundumomi a zamanin mulkin Turawa. A tsarin En'e aikinsa bai wuce na takwarorinsa ba: tara haraji da jangali, da kula da zaman lafiya, da aiwatar da umarnin da ya zo daga Sakkwato. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne makaɗinsa, Ibrahim Narambaɗa na Tubali, wanda ya fara da kiɗan noma kafin ya koma kiɗan fada da kotso.

Aikin Narambaɗa a fadar Isa ya kasu kashi biyu. Na farko shi ne yabo, inda yake jero kakannin ubangidansa, ya danganta shi da gidan Shehu Usmanu, ya siffanta shi da dabbobi masu ƙarfi da kwarjini. Na biyu shi ne zambo da habaici ga 'yan sarkin da ke hanƙoron gadon sarautar. A gidan da masu jiran gado suke da yawa, wannan aiki na siyasa ne tsantsa, domin duk ɗan sarkin da aka muzanta a waƙar da ta bi gari, to da wuya ya sake samun kwarjini a idon talakawa. Ta haka makaɗi yake tsare wa ubangidansa kujera ba tare da an zare takobi ba.

Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960, amma 'yan waƙoƙinsa da aka naɗa sun shiga gidajen rediyo da azuzuwan jami'o'i. Sakamakon haka, ɗalibin Hausa a Kano ko Maiduguri ko Yamai ya san sunan Sarkin Gobir Amadu, har ma ya san dokinsa Ɗanfilinge wanda makaɗin ya yi wa waƙa ta musamman, alhali hakimai da dama na zamaninsa, waɗanda suka riƙe ƙasa mai faɗi kamar tasa, sai an tona takardun gidan adana kayan tarihi na Kaduna kafin a ci karo da sunayensu.

4.0 Shago da Ɗan Anace

Idan an bar fada aka koma dandali, tasirin kiɗa ya fi fitowa fili. Dambe wasa ne da aka san mahauta da shi, ana yin sa da kaka bayan an kawar da amfanin gona, kalangu kuma shi ne kiɗansa. Kowane shahararren ɗan dambe yana da takensa. Da zarar an kaɗa taken, sai ya zabura yana tsuma, ya fito fili yana kirari, daga nan kuma ba shi da damar ja da baya ko da wanda aka tsayar masa ya fi shi ƙarfi. A nan makaɗi yana cikin masu haɗa karon, domin shi ne yake kiran suna, shi ne yake zuga, shi ne kuma yake yanke wa wanda ya noƙe hukuncin rago a gaban 'yan kallo.

A wannan fage ne Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya ɗaukaka Shago. Waƙarsa ta zayyana tsoron da maza suke yi wa hannun Shago, ta ambaci abokan karonsa, musamman Ɗandunawa. Zamanin da Shago ya yi tashe babu hukumar da ke rubuta sakamakon dambe, babu kuma mai ɗaukar hoton wasan ƙauye. Saboda haka mafi yawan abin da jama'a suka sani game da shi daga bakin makaɗinsa ya fito. Ƙarfin dantse na ɗan lokaci ne, yakan tafi da ƙuruciya, amma kaset ɗin Ɗan Anace ya kai sunan Shago garuruwan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba, ya kuma mayar da shi ma'aunin da ake gwada 'yan damben baya da shi.

5.0 Sardauna da Ɗanƙwairo

Misali na uku ya nuna yadda kiɗan fada ya tsallaka zuwa siyasar jam'iyyu. A 1938 Ahmadu Bello ya nemi sarautar Sarkin Musulmi, aka ba Abubakar na Uku, shi kuma aka naɗa shi Sardaunan Sakkwato. A 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa a ƙarƙashin jam'iyyar NPC. Muƙamin firimiya baƙo ne ga talakan ƙasar Hausa, ba shi da tambari, ba shi da take, ba shi kuma da tarihin da za a jingina shi da shi. Sarkin Musulmi yana da makaɗansa irin su Salihu Jankiɗi, amma ofishin da ke Kaduna ba a tanadar masa makaɗi ba.

Wannan gurbi ne Musa Ɗanƙwairo Maradun ya cike. Shi makaɗin kotso ne da ya gaji kiɗa a gidansu, ya kuma ƙware a salon fada. Da ya juya wannan salo ga Sardauna, sai ya riƙa gabatar da shi a matsayin jikan Shehu mai riƙe da amanar kakanninsa, yana kuma yi wa abokan hamayyarsa irin zambon da ake yi wa 'yan sarki. Da haka aka fassara wa mai jefa ƙuri'a sabon mulki da harshen da ya saba ji. Kafa gidan Rediyon Kaduna a 1962 ya ƙara wa waɗannan waƙoƙi zango, suka isa kowane lungu na Arewa.

'Yan hamayya ma sun gane ƙarfin wannan makami. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, ba ta da fada, don haka ta dogara da rubutattun waƙoƙin da mawaƙa irin su Gambo Hawaja suke rerawa a wuraren lacca. An kashe Sardauna a ranar 15 ga Janairu, 1966, Ɗanƙwairo kuma ya rasu a 1991, amma siffar Sardauna da ta zauna a zukatan mutane da yawa ita ce wadda makaɗin ya zana.

6.0 Kammalawa

Misalan nan uku sun nuna cewa makaɗi yana ba ubangidansa abu uku: halascin matsayi, da kariya daga abokan takara, da wanzuwar suna. Wannan bai keɓanta ga Hausawa ba, domin oriki na Yarbawa da waƙoƙin juju da aka yi wa attajiran Legas suna yin makamancin wannan aiki, kuma fage ne da ya cancanci nazarin kwatance. Akwai kuma jan hankali ga masu amfani da waƙar baka a matsayin madogarar tarihi. Makaɗi ba alƙali ba ne, ɗan ɓangare ne da ke cin abinci a gidan wanda yake yabo. Ɗan sarkin da aka yi wa zambo da ɗan damben da aka ce an kayar su ma suna da nasu labarin, sai dai ba su sami mai rera shi ba. Wajibi ne manazarci ya auna abin da waƙa ta faɗa da rubutattun bayanai da ruwayoyin zuriyar ɗaya ɓangaren, tun kafin dattawan da suka ga waɗannan al'amura da idonsu su ƙare.