Anita Mui: Marainiyar da Hong Kong Ta Kira 'Yarta

Duk wanda ya taso yana kallon fina-finan Chanis, da wuya a ce bai taɓa ganin fuskarta ba, ko da bai riƙe sunanta ba. A fim ɗin Drunken Master II na 1994, ita ce matar uban Jackie Chan, mai wayo da barkwanci, wadda take rufa masa asiri duk lokacin da ya yi wa mahaifinsa laifi, alhali a zahiri Jackie ya girme ta da shekara tara. A Rumble in the Bronx na 1995 kuma ita ce matar da ta sayi kantin da 'yan daba suka addaba. Sai dai a garinsu, fim sana'arta ce ta biyu. Anita Mui mawaƙiya ce tun tana ƙarama, kuma tarihinta ba ya rabuwa da tarihin yadda waƙar zamani ta harshen Kantonis ta samu daraja.

Hong Kong ta kasance a hannun Birtaniya tun shekarun 1840. Bayan da 'yan kwaminis suka karɓi mulkin ƙasar Sin a 1949, jama'a suka yi ta kwararowa Hong Kong, ciki har da mawaƙa da masu shirya fim daga Shanghai, waɗanda suka zo da waƙoƙinsu na harshen Mandarin. Matasa 'yan boko kuwa waƙoƙin Turanci suke saurare. Kantonis shi ne harshen da mafi yawan mutanen birnin suke yi a gida da kasuwa, amma waƙar zamani da aka rera da shi kallon kayan talakawa ake yi mata. Abin ya fara sauyawa ne bayan buɗe gidan talabijin na TVB a 1967. A 1974 waƙar buɗe wani wasan kwaikwayo na gidan, wadda Joseph Koo ya tsara kiɗanta, Sandra Lang ta rera da Kantonis, ta karaɗe gari. Daga wannan shekarar Sam Hui ya riƙa fitowa da waƙoƙi da harshen kan titi, masu taɓo wahalar ma'aikaci da tsadar rayuwa. Daga nan mutanen birnin suka daina jin kunyar waƙa da harshen uwa.

A cikin wannan sauyi Anita Mui ta girma. An haife ta ranar 10 ga Oktoba, 1963, ita ce auta a cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinta ya mutu tana ƙarama, gidan ya koma hannu baka hannu ƙwarya. Tana 'yar shekara huɗu da 'yan watanni aka fara ɗora ta a kan dandamali tare da yayarta Ann, suna waƙa a filin shaƙatawa na Lai Chi Kok, daga baya har gidajen rawa na dare, don a samu na abinci. A lokacin, yarinyar da ke waƙa don kuɗi ba ta da mutunci a idon jama'a, kuma ta sha gori a wajen 'yan ajinsu. Ba ta gama sakandare ba ta bar karatu. Yawan waƙa ya sa mata ciwo a maƙogwaro tun tana budurwa, da ta warke sai muryarta ta sauka ta yi kauri. Wannan murya mai kauri ita ce daga baya ta bambanta ta da sauran mata mawaƙa.

Likkafarta ta ci gaba a 1982, lokacin da TVB da kamfanin faifai na Capital Artists suka shirya gasar zaƙulo sababbin mawaƙa karo na farko. Kimanin mutum 3,000 suka shiga, ita ta zo ta ɗaya tana da shekara 18. Alƙalai sun ga sabuwar fuska, amma mai ita ta riga ta shafe fiye da shekara goma tana gogawa da 'yan kallo iri-iri. Kamfanin ya ɗauke ta, ya kuma haɗa ta da mai tsara tufafi Eddie Lau, wanda ya zame mata amini har ƙarshen rayuwarta. Kafin ita, mawaƙiya takan tsaya cak a gaban makirufo cikin doguwar riga. Ita kuwa kowane faifai da sabuwar kama yake zuwa, yau shigar maza da kwat da baƙin tabarau, gobe adon sarauniya, ga rawa da kai-komo a kan dandamali. Faifanta na 1985 mai suna Bad Girl ya sayar da sama da kwafi 400,000 a birnin da mutanensa ba su kai miliyan shida ba a lokacin. Babbar waƙar faifan ta jawo ce-ce-ku-ce, domin wasu sun ga ta wuce gona da iri, har aka hana sa ta a wasu gidajen rediyo. Duk da haka, daga 1985 zuwa 1989, shekara biyar a jere, ita TVB ta bai wa kambun mawaƙiyar da ta fi farin jini. Babban zauren wasa na Hong Kong Coliseum ta cika shi dare 15 a jere a wasanta na farko, ta kai dare 30 a 1990. A wannan shekarar ta ce ta daina karɓar lambobin gasar waƙa, don na baya su ma su samu.

A Hong Kong ta wancan zamani, waƙa da fim Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, kusan duk babban mawaƙi ɗan wasa ne. Anita ta fito a fim sama da 40, kuma ba don sunanta kawai ake sa ta ba. Behind the Yellow Line na 1984 ya ba ta lambar mataimakiyar jaruma. Aikin da ya tabbatar da ita shi ne Rouge, wanda Stanley Kwan ya ba da umarni, Jackie Chan ya shirya. Ta fito a matsayin wata mai zaman kanta ta shekarun 1930, wadda ta yi alkawarin mutuwa tare da masoyinta, ɗan masu kuɗi, rawar da Leslie Cheung ya taka. Ita ta mutu, shi ya rayu. Bayan shekara 53 fatalwarta ta dawo nemansa, ta tarar unguwar da ta sani ta ɓace. Fim ɗin ya fito ne bayan yarjejeniyar 1984 wadda ta tsayar da cewa Birtaniya za ta miƙa Hong Kong ga Sin a 1997, lokacin da mutane ke zullumin ko garin da suka sani zai ɗore, shi ya sa labarin ya ratsa su. Ta samu lambar gwarzuwar jaruma a bikin Golden Horse na Taiwan da kuma na Hong Kong. Daga nan ta yi A Better Tomorrow III da Chow Yun-fat a 1989, ta yi barkwanci da Stephen Chow a Justice, My Foot! a 1992, ta yi faɗa tare da Michelle Yeoh da Maggie Cheung a The Heroic Trio a 1993.

Da a nan ta tsaya, da sunanta ya shiga jerin taurari kawai. Abin da ya ɗaga ta shi ne yadda ta riƙa tsayawa tare da jama'a idan ta ɓaci. A watan Mayun 1989 ta rera waƙa a babban taron tara kuɗi don ɗaliban da ke zanga-zanga a dandalin Tiananmen na ƙasar Sin, ta kuma tallafa wa waɗanda suka tsere bayan sojoji sun murƙushe su, duk da ta san hakan zai iya rufe mata babbar kasuwar ƙasar Sin. A 1993 ta kafa gidauniyar taimakon marasa galihu. Ta raini mawaƙa da dama, irin su Andy Hui da Denise Ho da ƙungiyar Grasshopper. Ita ce kuma mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar 'yan wasan Hong Kong.

Shekarar 2003 ta zo wa birnin da jarrabawa. Annobar SARS ta kashe mutum 299, ranar 1 ga Afrilu kuma amininta Leslie Cheung ya mutu. Cikin wannan hali ta jagoranci shirya wasan tallafa wa iyalan da annobar ta shafa, wanda aka raɗa wa suna 1:99, wato awon da hukuma ta ce a riƙa haɗa bilic da ruwa don goge gida. A watan Satumba ta fito ta shaida wa duniya cewa tana fama da sankarar bakin mahaifa, cutar da ta kashe yayarta Ann a 2000. A watan Nuwamba, jiki ya riga ya yi nauyi, ta yi wasa dare takwas a Coliseum. Ba ta taɓa aure ba, sai ta roƙi Eddie Lau ya ɗinka mata farar rigar amare, a cikinta ta rufe wasan, ta yi bankwana da masoyanta. Rai ya yi halinsa ranar 30 ga Disamba, 2003, tana da shekara 40. Darakta Zhang Yimou, wanda ya tanadar mata rawa a fim ɗinsa House of Flying Daggers, bai maye gurbinta da kowa ba, ya sadaukar mata da fim ɗin.

A 2014 aka kafa mutum-mutuminta a Titin Taurari da ke bakin ruwan birnin, ɗauke da laƙabin 'Yar Hong Kong, a 2021 kuma aka yi fim ɗin tarihinta mai suna Anita. Birnin ya yi mawaƙa masu yawan faifai da jarumai masu suna a duniya, amma ita aka bai wa wannan laƙabi, kuma ta cancance shi. Ta fito daga talauci tare da mutanenta, ta ɗaukaka harshen da aka raina, ta kuma kashe sunanta da dukiyarta a kan bukatunsu lokacin da suka shiga ƙunci.