Harbi a wutsiya bai fi kuskure ba: tarihin kibiyar maharbanmu

Yau za mu waiwayi wani makami da kakanninmu suka ci abinci da shi, suka kuma tsare gari da shi: baka da kibiya. Hausawa na cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure. To, a wajen maharbin ƙwarai maganar ba haka take ba. Gara ka kuskure dabba ta tafi lafiya da ka sa mata rauni ta je ta ruɓe cikin daji.

Duk wanda ya taɓa riƙa tsohuwar kibiyar ƙasar nan ya san ba ta da nauyi. Gajera ce, jikinta kyauro ne, kuma ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi kamar kibiyar Turawa. Maƙeri ke ƙera ƙarfen kai, ya fidda mashi kunnuwa don in ya shiga nama kar ya fita, sannan a cusa shi cikin kyauron a ɗaure da jijiya. Irin wannan kibiya ba ta shiga da nisa cikin jikin babbar dabba kamar gwanki ko ɓauna. Ba a ma yi ta don haka ba. Aikinta ta huda fata ta kai dafi cikin jini, dafin kuwa, wanda akasari daga 'ya'yan kwankwani ake samo shi, zuciya yake kamawa. In dabba ta faɗi sai maharbi ya yanke naman da ke kewaye da raunin ya yar, a ci sauran. Kun ga ke nan rashin nauyin kibiyarmu ba rashin sani ba ne, lissafi ne: ƙarfe ya buɗe ƙofa, dafi ya gama aiki.

Ba dawa kaɗai wannan kibiya ta yi suna ba. A watan Yunin 1804, a Tabkin Kwatto, 'yan bakan jama'ar Shehu Usmanu sun tarwatsa dawakin Sarkin Gobir Yunfa. A watan Afrilun 1899 kuma, mutanen Sarauniya Mangu a Lugu, cikin ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi, da kibau suka tari rundunar Voulet da Chanoine mai bindigogi. Bindiga ta yi rinjaye a ranar, amma har yau ana faɗin sunan Lugu da girmamawa.

Maharba suna da tsarinsu. Akwai Sarkin Baka, kuma a wurare da dama na ƙasar Maradi da Konni ba a shiga farauta sai an yi buɗin daji. Kowace dabba da kibiyarta. Yaro da kunda yake farawa, kibiya mai dasasshen kai ta harbin tsuntsu da ɓera, sai ya daɗe yana bin manya kafin a ba shi mai ƙarfe, balle mai dafi. Wanda ya harbi dabba kuma wajibinsa ne ya bi sawunta har ya same ta, ko da zai kwana a daji.

Mai son ganin wannan tarbiyya da idonsa ya nemi fim ɗin Jean Rouch mai suna La Chasse au lion à l'arc, wanda ya fito a 1965 har ya ci lambar yabo a birnin Venise. An ɗauke shi cikin shekaru da dama wajen maharban Gaw na ƙasar Songai, kusa da iyakarmu da Mali da Burkina. A ciki ana ganin ƙirar kibiya, da dahuwar dafi can nesa da gari, da yadda maharban ke fita neman zaki don ya addabi shanun makiyaya. Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne yadda suke tsayawa kan dabbar da ke shirin mutuwa suna lallashinta, suna neman gafararta.

Addini ma bai bar zancen kan kibiya ba. Sahabi Adiyyu ɗan Hatim ya tambayi Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, game da farauta da wani makami mai kaifi a baki, aka ba shi amsa cewa abin da kaifin ya huda ya kashe ana ci, abin da faɗin makamin ya buge ya mutu kuwa ba a ci. Ke nan kaifi sharaɗi ne, ba ado ba.

Daga baya zamani ya juya. Bindiga ta yawaita, mota ta shiga daji, gonaki suka cinye dawa, ga farin 1973 da na 1984. Mariri da ke yawo a arewacin ƙasar nan ya ɓace ƙurmus. Gandun Gadabeji da ke cikin gundumar Bermo, wanda aka keɓe tun 1955, sai a 2018 aka sake kai mashi raƙuman dawa daga Kure. Dokar farauta ta 29 ga Afrilun 1998 ta tanadi takardar izini ta farautar gargajiya, wadda ake nema wajen ma'aikatan gandun daji.

Ga inda matsalar take yau. Tsofaffin da suka san sirrin dafi da makarinsa suna ƙarewa, amma siffar kibiyar ba ta canza ba. Saurayi zai ɗauki kyauro marar nauyi, ya ɗaura mashi ƙusa ko guntun ƙarfen keke, ya harbi gada ko barewa. Babu dafi, babu nauyi, babu kaifi. Kibiyar ta maƙale a cinya, kunnuwanta su hana ta fita, dabbar ta gudu ta yi kwanaki tana tsutsa. Shi bai ci ba, daji ya yi asara, ga alhaki.

Ƙasashen da ke farauta da baka ba tare da dafi ba sun bi wata hanya daban. A Faransa, inda aka halatta wannan farauta a 1995, sai mutum ya yi horo kafin a ba shi izini, an hana kibiya mai dafi, kuma ta harbin manyan dabbobi ba ta kasa giram 30 ba, da kai mai kaifi kamar aska. Maharban gargajiya na Amurka su ma kusan nan lissafinsu yake: bakan da jansa ya kai nauyin kilo 23 ana ba shi kibiya mai wajen giram 32. Dalili a fili yake. Kibiya mai nauyi tana ɗaukar ƙarfin baka da kyau, ba ta saurin tsayawa in ta gamu da haƙarƙari. Kai mai baki biyu, marar kunnuwa, wanda aka wasa sosai, yana ratsa huhu, dabba ta faɗi cikin ɗan lokaci. Kuma ba a harbi daga nesa: taki ashirin ko ƙasa da haka, a saiti bayan kafaɗa. In dabba ta juya baya, a sauke baka.

Maƙeranmu na Maradi da Damagaram da suke ƙera wuƙa da barho ba za su kasa ƙera irin wannan kai ba in an nema. Abin da ya rage shi ne Sarakunan Baka da ƙungiyoyin maharba su zauna da samari, su faɗa masu gaskiya: kibiyar kaka da dafi aka yi ta, in babu dafin to sai a ƙara nauyi, a ƙara kaifi, a rage nisa. Wanda bakansa ba ya iya ɗaukar kibiya mai nauyi ya tsaya ga zomo da zabo, ya ƙyale barewa. Mai ciki da mai shayarwa kuma, tun can maharban ƙwarai ba su taɓa su.

Jama'a, in akwai tsohon maharbi a unguwarku ko ƙauyenku, ku je ku gaishe shi, ku roƙe shi ya zazzage maku kwarinsa ya faɗa maku sunan kowace kibiya da dabbar da aka yi ta dominta. Ku rubuto mana abin da kuka ji, da sunan garinku, za mu karanta a cikin shiri. Allah ya ji ƙan magabata, ya albarkaci dajinmu. Mu kwana nan.