Makonni Uku na Makoki: Yadda Yahudawa Ke Juyayin Haikalin Ƙudus

A shekara ta 70 miladiyya rundunar Rumawa, ƙarƙashin jagorancin Titus, ta yi wa birnin Ƙudus ƙawanya wata da watanni, har yunwa ta galabaita mutanen ciki. A ruwayar Yahudawa, ranar 17 ga watansu na Tamuz aka fasa ganuwar birnin, ranar 9 ga watan Ab kuma aka cinna wa Haikali wuta. Wannan ne karo na biyu. Haikalin farko, wanda Annabi Sulaimanu ya gina, Bukhtanassar Sarkin Babila ne ya rushe shi a shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma Yahudawa sun ce shi ma a 9 ga Ab ɗin ne. Wanda ya je birnin Rum a yau zai ga ƙofar nasara da aka gina wa Titus, an sassaƙa sojoji a jikinta ɗauke da fitilar Haikali mai rassa bakwai.

Kwanakin da ke tsakanin fasa ganuwa da ƙone Haikali su ne Makonni Uku. Kalandar Yahudawa ta wata ce, amma suna ƙara wata guda sau bakwai a cikin kowace shekara 19, saboda haka kwanakin ba sa zagaya shekara. Kullum suna faɗowa a tsakanin ƙarshen Yuni da Agusta, lokacin da zafi ke ganiyarsa a ƙasar Falasɗinu.

Abin da ya fi jan hankali a wannan makoki shi ne tsarinsa. A wurinmu idan aka yi rashi, ranar farko ce mafi zafi, daga nan a yi sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, zuciya tana ta yin sanyi. Wannan kuwa hawa yake yi, ba sauka ba. Ana buɗe shi da azumin yini guda ranar 17 ga Tamuz. Daga nan Yahudawan da asalinsu Jamus da gabashin Turai, waɗanda ake kira Ashkenazi, sai su daina ɗaurin aure, su daina aski, su bar kiɗa da rawa. Da watan Ab ya kama sai a ƙara matsawa: kwana tara ba cin nama, ba shan giyar inabi, sai ranar Asabar ko walimar ibada kamar ta kaciyar jariri. Dalilinsu shi ne nama da giya abincin farin ciki ne, kuma su ake miƙawa hadaya a Haikalin da babu shi. A gidajen masu kiyaye addini tukunya takan koma ta kifi da ƙwai da cuku. Ba a wanki, ba a sa tufafin da aka wanke sabo, ba a iyo don nishaɗi. Shi ya sa kafin watan ya kama za ka ga magidanci ya fito da rigunansa wankakku, ya sa kowace na ɗan lokaci ya tuɓe ya ajiye, domin in ya zo sa ta daga baya ba za a kira ta sabon wanki ba.

Yahudawan da asalinsu Andalus da ƙasashen Larabawa, wato Sefardi, sun fi sassauci. Akasarinsu sai a makon da ranar tara ta faɗo suke barin aski da wanki.

Ranar tara ɗin, Tisha Be'ab, ita ce ƙololuwa. A jajiberinta, gab da faɗuwar rana, mutum zai zauna a ƙasa shi kaɗai ya ci gurasa da dafaffen ƙwai, wasu su dangwala a toka. Daga nan azumi ne na kimanin awa 25, ba ci ba sha, ba wanka, ba shafa mai, ba takalmin fata, ba kusantar iyali. A majami'a ana rage fitilu, a cire labulen da ke rufe ma'ajiyar Attaura, manya da yara su zauna a ƙasa ko a 'yan guntayen kujeru, a karanta Littafin Makoki da ƙaramar murya. Ba a gaisawa. Hatta karatun Attaura an hana, don yana faranta rai, sai sassan baƙin ciki irin labarin Annabi Ayuba. Sai rana ta take tsaka ake komawa kan kujera. Idan ranar ta dace da Asabar, sai a ɗage azumin zuwa Lahadi.

Da tafiya ta yi nisa, wasu masifun ma aka jingina su ga ranar. A 135 miladiyya garin Betar, mafakar ƙarshe ta tawayen da Yahudawa suka yi wa Rumawa ƙarƙashin Bar Kokba, ya faɗa hannun Rumawa, aka haramta wa Yahudawa shiga Ƙudus. A ƙarni na huɗu malamin Kirista Jerom ya bayyana yadda suke zuwa sau ɗaya a shekara, suna biyan sojoji kuɗi don a bar su su yi kuka a kufan Haikali. Ranar 18 ga Yuli 1290, wadda ta dace da 9 ga Ab, Sarkin Ingila Edward na Ɗaya ya ba da umarnin korar su daga ƙasarsa. A 1942 kuma, a jajiberin ranar ne 'yan Nazi suka fara kwashe Yahudawan Warsaw zuwa sansanin kisa na Treblinka.

A ganina, abin da ya fi cancantar a tsaya a kai shi ne inda malamansu suka ɗora laifi. Ba su tsaya ga tsine wa Rumawa ba. Sun ce ƙiyayya ba gaira ba dalili a tsakanin Yahudawa ce ta rushe Haikali na biyu, suka kuma kawo labari a littafinsu na Talmud. Wani attajiri ya shirya walima, ya aiki baransa ya gayyato abokinsa Kamsa, baran ya yi kuskure ya kira maƙiyinsa Bar Kamsa. Da maigidan ya gan shi zaune ya ce ya fita. Baƙon ya roƙi a rufa masa asiri, ya ce zai biya kuɗin abin da ya ci, ya ce zai biya rabin walimar, ya ce zai biya duka. Maigidan ya kama hannunsa ya fitar da shi a bainar jama'a, malamai suna zaune ba wanda ya ce uffan. Wannan wulaƙanci ne ya sa ya je ya kai ƙarar mutanensa wurin Rumawa. Tarihi ma bai yi nisa da wannan ba: Yusifus, wanda ya ga yaƙin da idonsa, ya ba da labarin yadda ƙungiyoyin 'yan tawaye suka ƙone rumbunan hatsin birnin a faɗan da suke yi da juna, abokan gaba na bakin ƙofa. Al'ummar da za ta zauna a ƙasa duk shekara ta tuna laifin kanta ta yi abin da ba kowa ke iyawa ba.

Sai dai makokin bai tsaya a majami'a ba, domin filin da Yahudawa suke kira Dutsen Haikali shi ne harabar Masallacin Al-Aƙsa, alƙiblar Musulmi ta farko. Bangon da suke taruwa a gabansa, wanda Musulmi ke kira Bangon Buraƙ, shi ne katangarta ta yamma. A Agustan 1929 wani jerin gwano da matasan Yahudawa suka yi zuwa bangon a ranar Tisha Be'ab yana cikin abubuwan da suka hura wutar tarzomar da ta ci rayukan Yahudawa 133 da Larabawa fiye da 110. Har yanzu manyan malaman Yahudawa da dama suna haramta wa mabiyansu shiga harabar, amma masu ra'ayin riƙau suna kutsawa da rakiyar 'yan sanda, musamman a wannan rana, Falasɗinawa kuwa suna kallon haka a matsayin tsokana da yunƙurin ƙwace wurin. Don haka mai karatu, idan ka ji labarin zaman ɗarɗar a Ƙudus a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, ka duba kalandar Yahudawa. Sau da yawa za ka tarar 9 ga watan Ab ce.