Kainuwa da Koren Ruwa: Tarihin Yaƙi da Gansakuka Mai Dafi

Idan rani ya tsananta a ƙasar Daura, daga Babban Mutum a yankin Baure har zuwa madatsun Daberam da Sabke, ruwa yakan ja baya ya yi ɗumi. A irin wannan lokaci ne kore ke shimfiɗuwa a fuskar tafki. Mu duk gansakuka muke ce masa, amma wani korensa ba tsiro ba ne. Ƙananan ƙwayoyin halitta ne da masana ke kira sayanobakteriya, kuma wasunsu na fitar da dafi mai lalata hanta.

An fara rubuta wannan haɗari a 1878, sa'ad da George Francis ya ba da rahoton mutuwar tumaki da dawakai da suka sha ruwan tafkin Alexandrina a Ostireliya. Maganin da duniya ta runguma ya fito daga Amurka a 1904, inda George Moore da Karl Kellerman suka nuna cewa ɗan gishirin jan ƙarfe na kashe koren. Yana da araha, yana aiki nan take. Aibinsa shi ne idan ya fasa ƙwayoyin, dafin cikinsu kan tsiyaye cikin ruwa. A 1979 an zuba shi a madatsar tsibirin Palm da ke Ostireliya, bayan 'yan kwanaki fiye da mutum 100, galibinsu yara, suka kwanta a asibiti. A 1996 kuma, a garin Caruaru na Birazil, fiye da masu wankin ƙoda 50 suka rasu saboda dafin koren da ya shiga ruwan da aka yi musu aiki da shi.

Tun kafin waɗannan musibu wasu masana sun bi wata hanya daban. A 1937 Hans Molisch, masanin tsirrai ɗan Ostiriya, ya raɗa suna ga yadda tsiro ke sakin sinadari don danne maƙwabcinsa. A 1949 Arthur Hasler da Elizabeth Jones suka gwada a Wisconsin, suka ga inda ciyawar ruwa ta yi kauri koren yana raguwa. Gano sinadaran da kansu ya ɗauki shekaru. A 2000 Satoshi Nakai da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa wata ciyawar ƙarƙashin ruwa na sakin sinadarai huɗu masu hana Microcystis yaɗuwa, wato ƙwayar da ta fi yawan haddasa koren mai dafi. Daga cikinsu akwai asid ɗin galik, wanda ake samu a 'ya'yan bagaruwa da majema ke jima da su tun kaka da kakanni.

Kainuwa ma ta shiga wannan tarihi. A 1991 masana a birnin Napoli na Italiya suka tace sinadaranta, suka tarar wasu na hana gansakuka girma a ɗakin gwaji. Bayan haka tana yi wa ruwa inuwa, tana kuma zuƙe abincin da koren ke rayuwa a kai. Bahaushe ya ce kainuwa dashen Allah, ga shi kimiyya ta gano tana da aikin yi.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka a watsa kainuwa ko'ina shi ne mafita. Fadamar Haɗejiya da Nguru ta ishe mu darasi. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina ƙafewa yadda ya saba a wasu rassan kogi, kachala ta mamaye su, ta toshe hanyar jirgin masunta, ta cinye gonaki, ta zama mafakar jan baki. Kainuwa kanta takan ɓoye sauro, idan ta ruɓe kuma ta shaƙe kifi. Shi ya sa masu bincike suka fi karkata ga tatso sinadarin da auna shi, ko barin tsiron a keɓaɓɓen yanki ana girbe shi a kai a kai. Har yanzu yawancin nasarorin a ɗakin gwaji da ƙananan tafkuna aka same su.

Abin da ke ciyar da koren kuwa sananne ne: takin zamani da ruwan sama ke wankowa daga gona, kashin dabbobi a bakin mashaya, da ƙazantar gari. Muddin suna kwarara cikin tafki, sinadarin tsiro zai sassauta cutar ne kawai. Kafin binciken ya iso ƙauyukanmu, abin da makiyayi da mai ɗiban ruwa ya kamata su riƙe shi ne: ruwan da ya yi kore kamar an zuba fenti ba na shayar da dabba ba ne, kuma tafasa shi ba ya kashe dafin.